Hayaƙi Fid Da Na Kogo: Zaɓen Ƙararrawar Hayaƙi Da Wurin Kafa Ta A Gida



GABATARWA

Bahaushe yakan yi wa hayaƙi kirari da cewa, "Hayaƙi fid da na kogo." Maganar daga wurin farauta ta samo asali, inda akan cusa busasshiyar ciyawa a bakin rami a kunna mata wuta, dabbar da ta ɓuya a ciki ta fito ko tana so ko ba ta so. Kirarin gaskiya ne, amma gaskiyarsa ta tsaya ga wanda idonsa biyu. Akwai wata maganar ta Bahaushe da ya kamata a ajiye kusa da ita, watau "Barci ƙanin mutuwa." Mutumin da ke barci hayaƙi ba ya fitar da shi daga ɗaki, sai dai ya ƙara nutsar da shi. Wannan lacca za ta yi bayani ne a kan wata 'yar na'ura da aka ƙera don ta ji hayaƙi a madadin mai barci, ta yi kururuwa ta tashe shi. Za a kira ta ƙararrawar hayaƙi a nan, domin hayaƙi take ji, ƙara kuma ita ce iyakar aikinta. Ba ta kashe wuta, ba ta kiran 'yan kwana-kwana.

Ba a rasa dalilin kawo wannan magana a Kongo ba. Cibiyar Koyon Aikin Mulki ta samo asali daga makarantar horon akawuna da aka buɗe a 1947, ta sami sunanta a 1954, sa'an nan ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962. Tun daga wancan zamani nan ake horar da masu mulki da lauyoyi da masu lissafin kuɗi, watau mutanen da ke rubuta yarjejeniyar haya, su sa hannu a takardar izinin gini, su raba gidajen ma'aikata. Kewaye da harabar kuma, a Tudun Wada da Gyallesu da Tudun Jukun, ga ɗalibai nan da ƙananan ma'aikata cike da ɗakunan haya, kowane ɗaki da katifarsa da rishonsa da hitarsa.

GIDAN DA DA GIDAN YAU

Kalmar "wuta" a Hausa ta ɗauki ta murhu, ta ɗauki ta lantarki. In wutar ta fi ƙarfin mai ita ta shiga cin dukiya, sai sunanta ya koma gobara. Kakanni sun san gobara sarai, musamman a ɗakunan jinka da dangar kara da rumbuna, kuma tarbiyyar gida ta tanadi maganinta: ba a kwana da wuta a ɗaki. Hadisi ma ya zo da umurnin kashe wuta kafin kwanciya, bayan wani gida ya ƙone da mutanensa da dare a Madina. Ban da wannan, ginin ƙasa irin na birnin Zazzau, mai kaurin bango da rufin azara da aka danne da ƙasa, ba ya saurin kamawa. Girki a tsakar gida ake yin sa ko a madafa can gefe, kayan ɗaki kuwa ba su wuce gado da tabarma da akwati da jeren ƙwarya ko kwanuka ba.

Gidan yau dabam ne. Akwai katifar soso da kujerun kushin da labule na roba-roba da silin na roba ko na kwali. Kicin ya shigo cikin gida tare da tukunyar gas. Sau da yawa akwai jarkar fetur ta janareta a bayan ƙofa, ga batiran sola, ga wayoyin caji a kan gado. Tagogi kuma an datse su da ƙarfe saboda ɓarayi. Hukumar Ma'aunai da Fasaha ta Amurka ta fitar da rahoto a 2004, inda ta kwatanta gwajin ƙona gidaje da ta yi da irin wanda aka yi a 1975. A gwajin farko mutanen gida suna da kimanin minti 17 na tserewa bayan ƙararrawa ta yi ƙara. A na biyun, in wuta mai harshe ce, lokacin ya ragu zuwa kimanin minti 3, kuma babban dalili shi ne kayan ɗaki na soso da roba, waɗanda suke ci da sauri su fitar da baƙin hayaƙi mai guba. Irin kayan nan ne ke cikin ɗakunan Tudun Wada a yau.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da wannan ƙasa, watau ɗaukewar wutar lantarki. Akan jona hita ko dutsen guga, a ɗauke wuta, a manta ba a cire ba, a kwanta. Can cikin dare a maido da wuta, ruwan bokiti ya ƙafe, robar ta narke, ko dutsen guga ya cinye tufa ya kama tebur. Da hunturu kuwa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kome ya bushe, iska tana kaɗawa, an rufe ƙofa da taga saboda sanyi, wadansu har sun shigo da kaskon gawayi ɗaki.

Gobarar kasuwa ita ce ta fi shiga labarai, kamar wadda ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016. Amma gobarar wurin kwana ita ta fi cin rai. A ƙarshen Nuwamba 2015 ɗalibai mata 7 suka rasu a gobarar dare a ɗakin kwanan makarantar 'yan mata ta Jogana a Jihar Kano. A Fabrairu 2025 almajirai 17 suka rasu a Ƙauran Namoda ta Jihar Zamfara, su ma da dare. Allah ya jiƙansu. Ƙididdigar Amurka ta nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin biyar na gobarar gidaje ne ke tashi tsakanin ƙarfe 11 na dare da 7 na safe, amma kusan rabin mace-macen a cikin waɗannan sa'o'i ake yin su.

DALILIN DA YA SA HAYAƘI BA YA TA DA MAI BARCI

Mutane da yawa sun ɗauka cewa in wuta ta kama, ƙauri zai tashe su. A 2004 wadansu masana biyu na Jami'ar Brown ta Amurka, Mary Carskadon da Rachel Herz, sun gwada wannan. Sun shaƙa wa masu barci ƙamshin na'ana'a da kuma wani sinadari mai mugun wari, suka tarar in barci ya yi nisa wari ba ya ta da mutum, alhali kuwa sauti yana tashe shi. Ashe hanci yana barci tare da mai shi, kunne ne ke kwana da sauran gadi.

Bugu da ƙari, a cikin hayaƙi akwai iskar guba da ake kira kabon monoksaid. Ƙarfin kamunta ga jini ya ninka na iskar numfashi fiye da sau 200, saboda haka in ta shiga sai ta tare wurin, ƙwaƙwalwa ta rasa abincinta, barci ya zarce suma. Shi ya sa mafi yawan waɗanda ke rasuwa a gobara hayaƙi ne ke kashe su kafin harshen wuta ya iso gare su. Ƙungiyar rigakafin gobara ta Amurka, wadda aka kafa tun 1896, ta lissafa cewa kusan mutum 3 cikin kowane 5 da suka mutu a gobarar gida, a gidajen da babu ƙararrawa ne ko kuwa akwai ta amma ba ta aiki, kuma ƙararrawa mai aiki tana rage haɗarin mutuwa da kimanin rabi.

ASALIN NA'URAR DA IRE-IRENTA

A shekarun 1930 wani masanin kimiyya na ƙasar Suwizalan, Walter Jaeger, yana ƙoƙarin ƙera abin gano iskar guba. Na'urar tasa ta ƙi jin gubar, amma da ya kunna taba sai ya ga allurar ma'auninta ta motsa. Ɗan ƙasarsu Ernst Meili ya inganta dabarar a 1939. An daɗe ana amfani da ita a masana'antu kaɗai saboda tsada, sai a 1965 Duane Pearsall da Stanley Peterson a Amurka suka fito da ƙarama mai aiki da batir, aka shiga ƙera ta da yawa a 1975.

Iri biyu ne manya. Na farko shi ne mai sinadari. A cikinsa akwai ɗan ƙwayar wani ƙarfe mai tururin nukiliya, amerisiyam 241, wanda bai kai a gan shi da ido ba. Tururin yana sa iskar da ke tsakanin wadansu faranti biyu ta riƙa ɗaukar 'yar wutar lantarki, in hayaƙi ya shiga sai wutar ta ragu, ƙararrawa ta tashi. Wannan iri yana saurin jin wuta mai harshe, irin ta takarda ko fetur, amma yana da nawa wajen jin wuta mai cin ciki, kuma ƙaurin girki kaɗan yakan sa shi ihu. Ba shi da haɗari muddin ba a fasa shi ba, ko da yake wadansu ƙasashe, irin su Faransa, sun hana sa shi a gidaje. Ana gane shi da sunan sinadarin ko alamar nukiliya mai kama da fanka mai fukafukai uku a bayansa.

Na biyu shi ne mai haske. A cikinsa akwai ɗan ɗaki mai duhu, da 'yar fitila, da wani ido na lantarki da aka kafa a gefe yadda hasken ba ya faɗa masa. In hayaƙi ya shiga sai ya warwatsa hasken, kamar yadda ƙura ke bayyana a hasken rana da ya ratso ta ƙofar zaure, idon ya gani, ƙararrawa ta tashi. Wannan iri shi ya fi saurin jin wuta mai cin ciki, irin ta katifa ko kushin ko wayar lantarki da ke narkewa a hankali, wadda takan yi sa'a guda tana hayaƙi kafin ta yi harshe.

Akwai 'yan'uwansu biyu da bai kamata a rikita su da su ba. Ɗaya ƙararrawar zafi, wadda ba ruwanta da hayaƙi, sai zafin ɗaki ya kai kimanin digiri 58 take ƙara, ita ce ta kicin. Ɗayar kuwa ƙararrawar iskar guba, wadda za a zo kanta nan gaba.

YADDA ZA A ZAƁA

Ga gidajen wannan yanki, mai haske shi ya fi dacewa da ɗakin kwana da falo da baranda, domin gobarar dare galibi daga katifa ko kushin ko waya take farawa, kuma ya fi haƙuri da ƙaurin girki. Rauninsa ƙura ce da ƙwari, shi ya sa yana bukatar shara, musamman da hunturu.

Abu na biyu shi ne wutar da na'urar ke ci. A wadansu ƙasashen Turai akan fifita wadda aka jona da wutar gida, mai ɗan batir na ko-ta-kwana. A inda akan yi kwana da kwanaki babu wuta, batirin ko-ta-kwana shi zai zama abincin yau da kullum, ya ƙare da wuri. Saboda haka wadda ta fi ita ce mai batirin litiyam da aka rufe a ciki, wanda aka yi shi don ya kai shekara 10. Wani amfaninta kuma, ba mai iya zare batirin ya sa a rediyo ko tocila. In mai batirin bolt 9 aka samu, to, a sa masa ranar canji sau ɗaya a shekara, alal misali farkon hunturu.

Abu na uku shi ne shaidar inganci. Araha ba ta ado, kasuwa kuma ba ta rasa jabu. A duba jikin na'urar kanta, ban da kwalinta, a ga lambar ma'aunin da aka gwada ta a kai: EN 14604 na Turai, ko UL 217 na Amurka. Waɗannan ma'aunai sun wajabta ƙarar da ta kai desibel 85 a tazarar mita 3. A duba kuma ranar da aka ƙera ta, domin shekara 10 ɗin daga wannan rana ake lissafa su, ba daga ranar saye ba. Wadda ta yi shekara huɗu a kanta, saura mata shida. Kafin a biya kuɗi a danna maɓallin gwaji a gaban mai kanti.

Abu na huɗu, a nemi mai maɓallin shiru, wanda in an danna shi na'urar takan yi shiru na 'yan mintoci sa'an nan ta koma gadi da kanta. A gidan da ake turaren wuta wannan maɓalli wajibi ne. Ƙararrawar da ke ihu kullum uwargida ta sa turare, ƙarshenta a cire ta a jefa a sito, kuma ƙararrawar da ke sito daidai take da babu.

Abu na biyar ya shafi babban gida. Akwai masu magana da juna ba tare da waya ba, in ɗaya ta ji hayaƙi duka su ɗauki ƙara. Sun fi tsada, amma a gida mai bene ko mai sassa su ne ke sa na nesa ya ji.

WURIN KAFAWA

Hayaƙi mai zafi sama yake yi, ya bugi silin, ya bazu, sa'an nan ya riƙa saukowa. Don haka mazaunin ƙararrawa silin ne, kusa da tsakiyar ɗaki, da tazarar aƙalla santimita 30 daga bango da kuma ƙwan fitila, domin a kusurwa iska takan tsaya cik, hayaƙi ya makara kafin ya isa. In silin ba zai riƙe ta ba, a kafa ta a bango, santimita 15 zuwa 30 ƙasa da silin. Kada a ajiye ta a kan kabad ko tebur, kada a rufe ta da labule, kada kuma a shafe ta da fenti ranar gyaran gida.

Wadansu wurare ba su dace ba. A nisanta ta da murhu ko risho da aƙalla mita 3. A nisanta ta da ƙofar banɗaki da kimanin mita ɗaya saboda tururin ruwan zafi. Fankar sama tana kore hayaƙi daga silin, saboda haka a bar kimanin mita ɗaya tsakanin ƙararrawa da bakin fukafukan fanka, haka kuma bakin na'urar sanyaya ɗaki da bakin taga. Akwai kuma maganar zafi. Yawancin waɗannan na'urori an yi su ne don wurin da zafinsa bai wuce digiri 38 zuwa 40 ba, ƙarƙashin kwano tsirara kuwa a watan Afrilu ya wuce haka nesa. A ɗakin da babu silin kada a liƙa ta a jikin kwano ko katakon da ke manne da shi, a sauko da ita bangon ciki wanda rana ba ta dukansa.

Takardar bayanin da ke cikin kwali an rubuta ta ne don gidan Turawa, inda ɗakunan kwana duka suke buɗewa cikin baranda ɗaya ta cikin gida, ƙarƙashin rufi ɗaya. A Kongo da kewayenta gidaje iri uku ne, kowanne da nasa tsari.

Na farko gidan ma'aikata, mai falo da kicin da baranda da ɗakuna biyu ko uku. Wannan ya yi kusa da abin da takardar ke nufi. A sa ɗaya a barandar ɗakunan kwana, yadda ba ƙofar da ta fi mita 3 nisa da ita, ɗaya a falo, ɗaya a cikin kowane ɗakin da ake kwana da ƙofa a rufe, ƙararrawar zafi kuma a kicin. In bene ne, kowane hawa da tasa, ɗaya a saman matakala, domin matakala ita ce hanyar hayaƙi. In kuɗin guda ɗaya kawai ake da shi, baranda za a fara. Kada a manta da ɗakunan bayan gida inda yara maza ko masu aiki ke kwana, da kuma wurin da aka jera batiran sola.

Na biyu gidan gargajiya, mai zaure da tsakar gida da ɗakuna kowanne da ƙofarsa a waje. A nan babu barandar da hayaƙi zai taru, in ya fito ɗaki sama zai yi. Ƙararrawa a zaure ba za ta ji abin da ke faruwa a ɗakin uwargida ba. Kowane ɗakin kwana tamkar gida ne mai zaman kansa, saboda haka kowanne da tasa a ciki. In ba za a iya duka a lokaci ɗaya ba, a fara da ɗakin yara da na tsofaffi da duk ɗakin da ake shiga da kaskon wuta. In rufin ɗakin mai tulluwa ne, a kafa ta kusa da ƙololuwa, amma a sauko da ita kaɗan, kamar santimita 10 zuwa 90, kada a cusa ta can cikin tsakiyar ƙoƙon.

Na uku gidan haya mai ɗakuna a jere suna fuskantar juna, inda yawancin ɗalibai suke. Ɗaki ɗaya shi ne wurin kwana da karatu da girki, ga shi sau da yawa sararin da ke saman silin a haɗe yake tun daga ɗakin farko har na ƙarshe, yadda wutar ɗaki ɗaya za ta bi ta sama ta sauka a na maƙwabci. Bahaushe ya ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, a irin wannan gida kuwa gemun ɗaya ne. Kowane ɗaki yana bukatar mai haske mai maɓallin shiru, a kafa ta ta wajen gado, nesa da risho gwargwadon iko, girki kuma a fitar da shi waje. Barandar tsakiya, in a rufe take, tana bukatar tata, kuma wannan haƙƙin mai gida ne. Haka tsarin yake ga ɗakunan kwanan makarantu da na almajirai, inda rai ashirin ko talatin ke kwana bayan ƙofa ɗaya.

GAWAYI DA JANARETA

Wajibi ne a ja kunne a kan wani kuskure. Ƙararrawar hayaƙi ba ta jin kabon monoksaid. Gawayin da ya ruru ya yi ja ba ya hayaƙi, amma yana fitar da wannan guba, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Haka janareta. Sau da yawa jaridun ƙasar nan sun kawo labarin iyali guda da aka wayi gari an tarar duk sun rasu, janareta yana baranda ko kicin saboda tsoron ɓarayi ko ruwan sama. Alamun farko su ne ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, waɗanda akan ɗauka zazzaɓi ne a ƙara jan bargo.

Maganin farko shi ne kada a kwana da gawayi a rufaffen ɗaki, janareta kuma a ajiye shi a fili, kimanin mita 6 daga ƙofa da taga, bututun hayaƙinsa yana kallon waje. Na biyu shi ne ƙararrawar iskar guba, mai lambar EN 50291 ko UL 2034. Nauyin wannan guba kusan ɗaya ne da na iska, tana gauraya da ita ko'ina, don haka a ɗakin kwana ana kafa na'urar daidai tsayin da mai barci ke numfashi. Akwai kuma masu haɗe da aiki biyu, su kan silin ake sa su.

KULAWA DA HANYAR FITA

A danna maɓallin gwaji sau ɗaya a wata, alal misali ranar da aka karɓi albashi. A share ramukan na'urar da buroshi mai laushi, a cire saƙar gizo-gizo da ginin zanzaro, da hunturu kuma a yawaita. In ta shiga yin ɗan tsuwa lokaci-lokaci, batir ne ya yi rauni. In ta cika shekara 10 a sauya ta ko da tana ƙara, domin maɓallin ba ya nuna yadda idonta ya dushe.

Ƙararrawa mintoci kaɗan take saya wa mutum, kuma ƙofar da ta ƙi buɗuwa za ta cinye su. A gidan da aka datse tagogi da ƙarfe, aƙalla taga ɗaya a sashen kwana ya kamata ƙarfenta ya zama mai buɗewa daga ciki. Mabuɗin ƙofa da na ƙyauren waje su kwana a wuri ɗaya da kowa ya sani, wanda hannu zai iya lalubowa cikin duhu. Kada a kulle yara ta waje a tafi unguwa. Gwaje-gwajen da aka yi a Birtaniya da Amurka sun nuna cewa yara da yawa ba sa farkawa da ƙarar na'urar, sun fi farkawa da muryar mahaifiya, saboda haka kowane babba ya san yaron da zai ɗauka. In hayaƙi ya cika ɗaki a sunkuya ko a rarrafa, domin iska mai kyau a ƙasa take. A ja ƙofa a rufe bayan an fita, a taru a wuri ɗaya a ƙirga kai, a kira 'yan kwana-kwana ko lambar gaggawa 112. Kada kowa ya koma ciki don takardun shaida ko kuɗi.

KAMMALAWA

A ƙasashen da wannan na'ura ta zama ruwan dare, doka ce ta kai ta. Faransa ta wajabta ta a kowane gida daga Maris 2015. Ingila ta ɗora wa masu ba da haya sa ta a kowane hawa na gida daga Oktoba 2015. Nijeriya tana da dokar hukumar kashe gobara tun 1963, da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa na 2006, amma ɗakin haya na Tudun Wada bai san da zamansu ba. Ba lalle sai an jira sabuwar doka ba. Jami'in da ke kula da gidajen ma'aikata yana iya sa ƙararrawa cikin jerin kayan da ake miƙa wa mai shiga gida, tare da mabuɗi da mita. Lauyan da ke rubuta yarjejeniyar haya yana iya ƙara sharaɗi ɗaya: mai gida ya kafa, ɗan haya ya kula. Shugaban makarantar kwana da malamin tsangaya da masu taimaka musu suna iya farawa da ɗakin da ƙananan yara ke kwana. Ɗalibai huɗu da suka haɗa kuɗin haya suna iya haɗa kuɗin na'ura ɗaya, wanda bai kai na katifar da suke kwana a kai ba. Lokacin da ya fi dacewa da yin haka shi ne watan Oktoba, kafin iskar hunturu ta fara kaɗawa.

Allah ya tsare mu da gobara, ya sa a kwana lafiya a tashi lafiya.